Bayan An Ɗinke Ƙirji: Rayuwar Masu Ciwon Ebstein Shekaru Bayan Tiyata

  

Duk gidan da aka ce za a yi wa ɗansu aikin zuciya, tambaya ɗaya ce take hana su barci: zai farka kuwa? Saboda ita ake sayar da gona da shanun noma, a shiga dangi neman gudummawa, a sa almajirai su yi sauka. Ranar da aka bugo waya daga Indiya aka ce an fito lafiya, sai gida ya kaure da guɗa, kuma ya cancanta. Ni kuwa tambayar da na zo da ita yau ita ce wadda take biyo bayan guɗar. Yaron nan da ya farka, yaya zai kasance bayan shekara 10? Bayan 20 fa? Zai iya noma, zai iya azumi? Idan mace ce, za ta iya ɗaukar ciki ta haihu? Zan ɗauki ciwo guda ɗaya mu bi shi daga tushe, domin likitoci sun bi masu shi tsawon shekaru sun rubuta abin da suka gani, kuma abin da suka rubuta yana da darasi ga duk yaron da aka taɓa buɗe wa ƙirji.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu, kowane ɓangare da na sama da na ƙasa. Jinin da ya gama zagaya jiki yana komowa ɗakin sama na dama, ya gangara ɗakin ƙasa na dama, wannan kuma ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Tsakanin waɗannan ɗakuna biyu akwai ƙofa mai ƙyaure uku, wadda ake kira bawul a asibiti. Aikinta ta buɗe jini ya sauka, ta rufe kada ya koma sama. Tun jariri yana 'yan makonni a cikin mahaifa, ƙyauren nan uku suke ɓantarowa daga bangon ɗakin ƙasa su tsaya da kansu. A wasu yaran ɓantarowar ba ta kammala. Biyu daga cikin ƙyauren sai su zauna manne da bango, can ƙasa da inda ya kamata su kasance, na ukun kuma ya yi faɗi fiye da kima. Abin da ke biyo baya shi ne ƙofar ba ta rufuwa sosai, jini yana komawa baya a kowane bugu, ɗakin sama yana ta kumbura, kuma wani yanki na ɗakin ƙasa, wanda aka halitta don turawa, ya zama siririn bango marar ƙarfi. Mafi yawan masu wannan matsala suna da huda a bangon da ya raba ɗakunan sama biyu, kuma ta nan jinin da bai je huhu ba yake ƙetarawa hagu ya shiga jiki. Shi ya sa leɓe da harshe da farce suke yin duhu. A fatarmu ba a cika ganin wannan a fuska ba, sai an buɗe baki an duba.

Likitan da ya fara bayyana wannan halitta Bajamushe ne, Wilhelm Ebstein, a shekarar 1866, a birnin Breslau wanda yau yake cikin ƙasar Poland. Ya duba zuciyar wani saurayi ɗan shekara 19 da ya rasu bayan doguwar fama da haki da bugun zuciya, ya zana abin da ya gani dalla-dalla. Da sunansa ake kiran ciwon har yau. Ba ciwo ne mai yawa ba. Cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa, kusan 8 suna zuwa da wata matsala a zuciya, kuma na Ebstein bai kai kashi 1 cikin 100 na waɗannan ba. Amma a Najeriya, ƙasar da ake haifar yara kusan miliyan 7 a shekara, abin da ake cewa kaɗan ma mutane ne masu yawa, kowanne da uwarsa da ubansa.

Akwai ɗan uwan wannan ciwo, inda ƙofar ba ta samu ba gaba ɗaya, wurinta a toshe yake. Wannan hanyarsa daban ce, ayyuka ne hawa-hawa da suke ƙarewa da wanda Francis Fontan na Bordeaux a Faransa ya bayyana a 1971, kuma masu shi hanta da hanji sukan nuna wahala bayan shekaru. Na ambace shi ne don kada a haɗa su, ba shi ne batunmu ba.

Abin da ya sa ciwon Ebstein yake rikita iyaye, har da likitoci, shi ne ba fuska ɗaya gare shi ba. Wani jariri tun ranar haihuwa yake a galabaice, hoton ƙirji ya nuna zuciya ta cika ƙirjin daga wannan gefe zuwa wancan. Wani kuwa sai ya yi furfura kafin a gano, wataƙila ya zo ne da faɗuwar gaba ko kumburin ƙafa. Wani bincike da David Celermajer da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, kan mutum 220 da aka bi a Landan, ya nuna cewa cikin waɗanda aka haifa da rai, kashi 67 cikin 100 ne suka cika shekara ɗaya, kashi 59 suka kai shekara 10. Ku lura da inda asarar ta taru: a shekarar farko. Wanda ya tsallake ta, yawanci tafiyarsa tana da tsawo. Saboda haka ba duk mai ciwon ne ake yi wa tiyata ba. Ana yi ne idan haki ya fara hana shi harkokinsa, ko duhun leɓe yana ƙaruwa, ko zuciya tana ta girma a hoto, ko bugu ya rikice. Gwanintar likita a nan ita ce sanin lokaci, kada a yi gaggawa, kada kuma a jira har ɗakin ƙasa ya gaji gajiyar da ba ta warkewa.

Tarihin tiyatar ma ya ratsa ta nahiyarmu. Christiaan Barnard na Cape Town a Afirka ta Kudu, wanda duniya ta sani da dashen zuciya na farko a 1967, tun a 1963 ya wallafa yadda ya sauya wa mai ciwon Ebstein ƙofar da wata ta ƙira. Daga 1972 Gordon Danielson a asibitin Mayo da ke Amurka ya fara gyara ƙofar maimakon cire ta, yana dogara da babban ƙyauren nan guda ya rufe hanyar shi kaɗai. Alain Carpentier na Faris ya kawo nasa salon a 1988. Vaughn Starnes ya fito da hanyar ceton jarirai masu tsananin ciwo a 1991, ta rufe ƙofar gaba ɗaya a bar ɓangaren hagu ya ɗauki nauyi. Sai kuma wani likita ɗan ƙasar Barazil, José Pedro da Silva na São Paulo, wanda ya kawo abin da ya canza lissafi. Shi yana bi ne a hankali ya ɓanɓaro ƙyauren da suka manne, wato ya ƙarasa aikin da bai kammala ba a cikin mahaifa, ya ɗinke su da juna su zama siffar mazurari, ya mayar da su ainihin mazauninsu. Ya wallafa sakamakon mutum 40 a 2007, kuma yau wannan aikin mazurari shi ne zaɓin farko a manyan cibiyoyi.

To, yanzu ga gundarin maganar. A 2008 likitocin Mayo suka fitar da bayanin mutum 539 da suka yi wa aiki tsakanin 1972 da 2006, daga jariri ɗan kwana 8 har dattijo ɗan shekara 79. Kusan kashi 6 cikin 100 sun rasu a cikin wata ɗaya da aikin, adadin kuma ya sauko ƙasa da kashi 3 bayan 2001. Cikin waɗanda suka tsallake wannan mataki, kashi 90 suna raye bayan shekara 10, kashi 76 bayan shekara 20. Da aka aika musu takardar tambayoyi, kashi 83 na waɗanda suka amsa ba su da haki ko kuwa kaɗan ne, kusan ɗaya cikin uku ba sa shan wani maganin zuciya. Mata 82 sun ɗauki ciki har sau 275 a tsakaninsu. Wannan albishir ne, kuma ina so duk uwar da ke zaune a nan da irin wannan yaro ta tafi da shi a ranta.

Amma da sauran rina a kaba. A cikin wannan rahoto akwai wasu alƙaluma da ba a cika karanta wa iyaye ba. Waɗanda suke raye ba tare da an sake buɗe su ba, kashi 74 ne bayan shekara 10, kashi 46 bayan shekara 20. Ma'ana, cikin shekara 20, fiye da rabi ko dai an sake yi musu aiki ko sun rasu. Kuma kashi 36 na waɗanda suka amsa sun ce sun gamu da rikicewar bugun ɗakin sama na zuciya. Idan kuka haɗa waɗannan da na farko za ku ga abin da nake nufi. Kashi 76 ɗin nan da suka kai shekara 20, da yawansu sun kai ne domin akwai wanda yake duba su, ya ga ƙofar ta fara lalacewa kafin su faɗi, ya mayar da su ɗakin tiyata a kan kari. Ba tiyatar farko kaɗai ta samar da wannan adadi ba. Bibiya ce ta samar da shi, da asibitin da ya riƙe fayil ɗin mutum tun yana yaro har ya aurar da 'ya'yansa.

Aikin mazurari ya rage wannan matsala ƙwarai. A 2018 Mayo ɗin dai suka ba da labarin mutum 235 da aka yi wa shi, mutum ɗaya ne ya rasu a farkon lokaci, kuma cikin 'yan shekarun da aka bi su kaɗan ne suka buƙaci sabon aiki. Sai dai aikin bai daɗe da yaɗuwa ba, yaran da aka fara yi wa yanzu ne suke zama magidanta, don haka likitan da ya san abin da yake yi ba zai sallami kowa cikinsu ba.

Me yake sa a sake buɗewa? Idan gyara aka yi, ɗinkin yakan saki ko ƙofar ta sake yoyo yayin da zuciya take girma. Idan sauyawa aka yi, wanda shi aka yi wa mafi yawan mutanen nan 539, to ƙofar da aka sa ba ta girma tare da yaro, kuma tana da wa'adi. Iri biyu ne. Akwai ta ƙarfe, wadda ba ta tsufa, amma a ɓangaren dama, inda jini yake tafiya a sanyaye, tana saurin tara gudan jini, mai ita kuma zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwarsa. Akwai ta naman dabba, ta alade ko ta fatar zuciyar saniya, wadda likitoci suka fi so a wannan gurbi, amma tana taurarewa da shekaru, kuma ta fi saurin lalacewa a jikin yara. Na san maganar alade tana tayar da hankali a garin nan na Sakkwato, kuma bai kamata likita ya ɓoye ta ba. A gaya wa iyaye tun kafin tafiya, su tambayi malamansu cikin natsuwa. Malaman fiƙihu da dama na wannan zamani sun yi magana a kan irin wannan ta babin lalura, ga kuma ta saniya idan ta dace da mai ciwon. Abin da nake ƙi shi ne uba ya ji wannan magana karon farko a bakin ɗakin tiyata, a ƙasar da ba ya jin harshensu, da takarda a gabansa ana jiran ya sa hannu. Wannan gari da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani, har ya nemi Bature matafiyi Clapperton a 1824 da a turo masa likita daga Ingila, ba garin da malami da likita za su kasa zama a tabarma ɗaya ba ne.

Rikicewar bugu kuwa labari ne mai zaman kansa. Wasu masu ciwon Ebstein ana haifar su da ƙarin wata hanyar lantarki a zuciya, wadda kan sa bugu ya zabura ba zato, ya yi ta gudu, wani lokaci har da suma. Sannan ɗakin saman da ya shekara a kumbure, ga tabon wuƙa a kansa, yakan fara bugu barkatai ko da ƙofar tana aiki lafiya. A wurinmu nan ne haɗarin yake, domin matashin da yake jin faɗuwar gaba yana zubewa ƙasa, musamman budurwa, an san inda ake fara kai shi. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi. Amma duk wanda yake da tabon tiyata a ƙirji, idan ya suma ko gabansa ya riƙa lugude, a kai shi a ɗauki zanen bugun zuciyarsa a ranar. Akwai magani, akwai ƙone hanyar ta siririyar waya da ake turawa ta jijiyar cinya, akwai na'urar daidaita bugu ga wanda nasa ya yi jinkiri.

Yawancinku kun san labarin ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu. A 1996, bayan ya ciyo wa Najeriya zinare a Atlanta, likitocin ƙungiyar Inter Milan suka gano matsala a ƙofar zuciyarsa. Tasa ta ɓangaren hagu ce, ba irin wadda muke magana a kai ba. An yi masa aiki a Cleveland, ya dawo fili, ya sake zama gwarzon Afirka a 1999, ya kafa gidauniyar taimakon yara masu ciwon zuciya a 2000. Wannan kowa ya sani. Abin da aka manta shi ne a 2014 ya koma Amurka aka sake yi masa aiki. Mutum ne mai ƙarfin jiki da hali da likitoci a kusa, duk da haka bayan shekara 18 sai da aka koma.

Mu dawo gida. Tiyatar buɗe zuciya ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, tun 1974 aka fara a asibitin koyarwa na Inugu, Farfesa Fabian Udekwu da tawagarsa tare da likita Magdi Yacoub. Amma aikin bai zauna da gindinsa ba, ana yi ana tsayawa, kuma gyaran Ebstein yana cikin masu wuya, yana son hannun da ya saba. Don haka yaranmu waje ake kai su, yawanci Indiya. Wasu daga ƙasashenmu sun amfana da cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartum a 2007, mai aiki kyauta, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya toshe hanya. A nan Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da likitocin zuciya na yara da na manya da na'urar eko mai ɗaukar hoton zuciya, kuma mutane suna zuwa masa daga Kebbi da Zamfara, har daga ƙetaren Illela ta wajen Ƙonni. Wato abin da bibiya take buƙata, akasarinsa yana nan cikin garin. Mai ciwon ne yake ɓacewa.

Yadda yake ɓacewa kuwa duk wanda ya yi aiki a asibitin yara ya sani. An dawo, yaro ya yi ƙiba, yana guje-guje, an zo dubiya ta farko da ta biyu. Bashin tafiya yana kan uba. Garin yana da nisa, kuɗin mota ya hau, hanyar gabas ta wajen Isa da Sabon Birni ba a binta yadda aka ga dama. Makwabta suna cewa ai an yi masa aiki ya warke, me kuma ake nema? Takardun da aka ba su a can suna cikin leda a ƙarƙashin katifa, ko gara ta ci su. Sai bayan shekara bakwai ko takwas a shigo da saurayi ciki a kumbure, ƙafa a kumbure, babu wanda zai iya faɗin abin da aka yi masa, gyara ne ko sauyi, ƙarfe ne ko nama. Ba na ɗora laifin a kan iyayen nan. Sun yi abin da ya fi ƙarfinsu. Mu ne muka bar su da kalmar warkewa, alhali abin da aka yi gyara ne.

Akwai abubuwan da takardar sallama daga Indiya ba za ta faɗa ba, domin wanda ya rubuta ta bai san Sakkwato ba. Bai san zafin watan Afrilu ba, lokacin da ma'auni yake haura 40, mai shan maganin sa fitsari ya bushe cikin yini ɗaya. Idan azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, shawarar yi ko bari ta likita ce da malami tare, kuma a zo a tattauna tun Sha'aban. Da yawa masu gyararriyar zuciya suna azumi lafiya da ɗan sauyin lokutan magani, wasu kuma bai kamata su yi ba. Bai san wanzami ba. Ƙaho, tsaga, sakiya, cire belu, cire haƙori a kasuwa, kowanne ƙofa ce da ƙwayar cuta za ta shiga jini ta je ta zauna a kan bawul, kuma ga mai shan maganin tsinka jini, jinin ma ba zai tsaya ba. Tsabtar baki ga waɗannan yara magani ce, asuwaki da buroshi kullum, ruɓaɓɓen haƙori kuma a kai wa likitan haƙori a gaya masa tarihin zuciyar. Zazzaɓin da ya wuce kwanaki bai sauka ba, kada a yi ta maimaita maganin maleriya, a zo a gwada jini.

Maganin tsinka jinin nan, warfarin, shi kansa yana son a zauna a kansa. Yawan da ya dace da mutum ba a saninsa sai da gwajin jini lokaci-lokaci, kuma abincinmu yana taɓa shi. Ganye irin su zogale da alayyafo da rama suna rage ƙarfinsa. Ba a ce a daina ci ba, a dai ci daidai gwargwado, kada wannan mako a cika kwano da kwaɗo mako mai zuwa a bari gaba ɗaya. Septrin da Flagyl, waɗanda ake saya a kowane kemis kamar alawa, suna ƙara masa ƙarfi har jini ya ɓalle. Maganin tarin fuka yana kashe ƙarfinsa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen suna jawo zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙe kuwa ba wanda ya san abin da ke cikinsu, don haka a bar su.

Sai maganar 'ya'yanmu mata, wadda ta fi damuna. Yarinyar da aka yi wa aiki tana da shekara 6, bayan shekara 10 ko 12 za a zo neman aurenta. Wasu iyaye suna ɓoye tabon don kada manemi ya gudu, wasu kuma suna yanke mata hukuncin ba za ta haihu ba. Alƙaluman da na karanto muku sun ƙaryata na biyun: mafi yawan matan nan suna iya ɗaukar ciki su sauka lafiya. Cikin 'ya'ya 232 da aka haifa da rai ga mutanen da aka bi a Mayo, 9 ne suka zo da matsalar zuciya, wato kusan kashi 4 cikin 100, ya ɗara na sauran jama'a amma ba abin da zai hana aure ba ne. Ɓoyewar ce take kisa. Ciki yana ƙara jinin da zuciya take ɗauka da kusan rabi. Wadda har yanzu leɓenta yake duhu, ko ɗakin ƙasanta ya raunana, ko bugunta yake rikicewa, tana buƙatar a duba ta kafin cikin ya shiga. Warfarin yana illata ɗan tayi a watannin farko, sai an sauya tsari tun da wuri. Haihuwa kuma a asibitin da ke da likitan zuciya, ba a ɗaki ba.

Bayan haihuwar ma tsugunne ba ta ƙare ba. Yankinmu yana cikin wuraren da ciwon zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Binciken da Isezuo da Abubakar suka wallafa daga nan Sakkwato a 2007 ya sami mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102 a asibitin da suka yi aikin, kuma tun shekarun 1970 Davidson da Parry a Zariya suka danganta kumburin masu jego da kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Iyayenmu mata, ku ne masu iko da ɗakin jego, ba mu ba. Wadda take da tabo a ƙirji, a ɗauke mata kunun kanwa, a sassauta ruwan wanka, kuma idan ta fara haki ko ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada a jira arba'in.

Ga hukumomi ina da roƙo, kuma ba mai tsada ba ne idan aka gwada da kuɗin tikitin jirgi. Duk wanda ya biya wa yaro tiyata, gwamnati ce ko attajiri ko Hukumar Zakka da Waƙafi, ya ware wani abu tun daga farko don kuɗin mota da hoton eko na shekara-shekara, ya kuma sani cewa wataƙila za a dawo masa da buƙatar aiki na biyu. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu don masu rauni, jiharmu kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya. Yaro mai gyararriyar zuciya ya kamata ya shiga ciki kai tsaye. A buɗe rajista guda ta duk yaran jihar nan da aka yi wa aikin zuciya, a ko'ina aka yi, da lambar waya biyu ko uku da sunan mai unguwarsu, a sa ma'aikacin jinya ɗaya wanda aikinsa shi ne kiran wanda bai zo ba. Kuma idan yaro ya girma zai bar sashen yara, likitansa ya kama hannunsa ya miƙa shi ga likitan manya ido da ido, domin a wannan tsallake ne ake asarar su ko a ƙasashen da suka ci gaba.

Ga iyaye kuwa, kafin ku baro asibitin da aka yi aikin, ku karɓi cikakken rahoton tiyata, ba takardar sallama kaɗai ba. Ku tambaya a rubuta muku a sarari: gyara aka yi ko sauyi, idan sauyi ne wane iri kuma wane girma, an rufe hudar da ke tsakanin ɗakunan sama ko an bar ta, an karkatar da babbar jijiyar sama zuwa huhu ko ba a yi ba. Ku ɗauki hoton kowane shafi a waya, ku tura wa mutum biyu cikin dangi, ku kawo kwafi asibitin nan a sa a fayil. Yaron da kansa, da zarar ya yi wayo, a koya masa sunan ciwonsa da sunayen magungunansa, domin ranar da zai buƙaci faɗar su wataƙila yana Legas ko Agadas neman kuɗi, ba ku kusa. Dubawa sau ɗaya a shekara ita ce mafi ƙaranci ga mafi yawansu ko da suna jin garau, kuma likita zai faɗa idan ana buƙatar fiye da haka.

Mai girma shugaban taro, a nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi. Na ga wasu iyaye sun zo da takardun 'ya'yansu a hannu. Ina roƙon kada su tafi bayan an tashi, ni da abokan aikina za mu zauna mu duba su ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.